Tsohon kuɗin azurfa mai tambarin 'yan kasuwa: wanne ya cancanci kuɗinka?

A rumfunan maƙeran fari da masu tsofaffin kaya a Bauchi da Gombe, akan ci karo da manyan kwabban azurfa na ƙasashen waje, wasu da ƙaramin tambari da aka buga a kansu bayan sun bar gidan buga kuɗi. Mai kaya zai ce tambarin ne ya sa su tsada. Wani lokaci gaskiyarsa, amma sau da yawa tambarin rage daraja yake yi.

Wanda aka fi gani shi ne liyari, mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, babban birnin Ostiriya, har ma a Landan, Rum da Bombay, don haka yawancinsu ba su kai wannan tsufan ba. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa, wato tsantsarta kusan giram 23.4. Ka tambayi farashin giram ɗin azurfa a ranar, ka ninka da wannan adadi. Daga nan ciniki yake farawa. Ga mai fara tarawa, liyarin da ba shi da tambari ya fi kwanciyar hankali, domin ka san abin da ka saya.

Sai liyari mai tambarin Larabci, "Hijaz" ko "Najad". Yana jan hankali saboda alaƙarsa da ƙasa mai tsarki, amma masana kuɗi sun daɗe suna shakkar yawancin waɗannan tambura, don an buga na jabu da yawa domin masu tarawa. In babu takardar tantancewa daga kamfani irin NGC ko PCGS, ka biya kuɗin azurfarsa kawai.

Dalar Sifaniya ko ta Meziko mai riyal takwas, giram 27, da dalar ciniki ta Amurka da aka fara bugawa a 1873, giram 27.2, sukan zo da ƙananan haruffan Sinanci birjik. Fataken Sin ne suka riƙa buga su don shaida sun gwada azurfar. Tambari ɗaya ko biyu masu fitowa sarai ba laifi, akwai masu nemansu. Wanda aka yi wa ruwan tambura har ya lotsa ya koma kamar faifai, farashinsa yana ƙasa da na lafiyayye.

Mai tsada na gaske shi ne wanda tambarinsa ke ɗauke da suna da ƙima, kamar dalolin Sifaniya da masaƙun auduga na Sikotland, irin su Lanark da Rothsay, suka buga wa hatiminsu a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 don biyan ma'aikata. Da wuya ka same shi a nan. In an nuna maka, duba shekara: tambarin wancan zamani ba zai hau kuɗin 1850 ba.

Wajen gwaji, ka je da sikelin zinare mai auna ɗigon giram, da maganaɗisu, da gilashin ƙara girma. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, sai dai tagulla da dalma ma ba sa kamawa, saboda haka sikeli ne alƙali. Goguwa takan ci ƙasa da giram ɗaya. In gibin nauyin ya kai giram biyu, kada ka saye shi. Juya kuɗin ka dubi bayan tambarin: bugun gaske yakan bar wurin a shafe ko ya ɗan kumburo. In babu ko alama, wataƙila an zuba kuɗin da tambarin tare a cikin zubi, kuma za ka ga ƙananan ramuka a fuska da layin haɗi a gefe. Gefen liyari na gaske yana da rubutu mai tudu. Sannan leƙa cikin ramin tambarin. Baƙin tsufa ya kamata ya zama iri ɗaya da na sauran jiki, bakin ramin kuma ya goge. Rami mai ƙyalli da kaifi a kan kuɗin da ya sha hannu, bugun jiya ne.

Yawancin liyarin da ke yankin nan sun yi zaman ado a kitso ko a wuya, don haka za ka ga huda ko gurbin kunnen da aka liƙa aka cire. Irin wannan, ko da tambari, kuɗin nauyinsa ne kawai. Kada ka bari maƙeri ya goga shi da zarto ko ya ɗiga masa ruwan gwaji a fuska, kuma in ka kai gida kada ka wanke shi da toka ko lemon tsami, domin masu saye daga waje suna rage kuɗi sosai a kan wanda aka goge.