Yaya, kafin ku zuba dekin nan ku auna ruwan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da sauran 'yan gida baki ɗaya. Na ga hotunan da ka turo, rodi ya hau, katako ya tsaya, saura zubi. Allah ya sa a gama lafiya. Ka ce in ba ka labarin yadda ake aikin kankare a nan Jamus, ko akwai abin ɗauka. Akwai, shi ya sa ban amsa maka a waya ba, na bari sai na zauna na rubuta.

Shekarata uku ke nan a aikin gini a yankin Ruhr. Makon farko da na yi, na ta dube-dube ban ga tulin yashi ba, ban ga rumfar siminti ba, ga shi kuma gini na tashi. Ashe a nan ba a sayen siminti daban, yashi daban, tsakuwa daban idan za a zuba ginshiƙi ko dekin. Kankaren ake saya kwaɓaɓɓe, mota mai ganga ta kawo shi tana juyawa. Buhun siminti ma, idan ka gan shi, na kilo 25 ne, rabin namu, kuma na ƙananan gyare-gyare ne. Mai saye ba ya cewa a haɗa masa ɗaya, biyu, huɗu, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ƙarfi yake nema. Injiniya ya rubuta C25/30, shi ke nan, sauran lissafin yana wuyan masu haɗawa. Wannan 30 ɗin alkawari ne: idan aka cika ƙaramin akwati mai santimita 15 kowane gefe da wannan kwaɓin, aka bar shi kwana 28, aka sa shi a injin matsa, sai ya ɗauki nauyin da ya kusa tan 70 kafin ya fashe. Kuma da gaske ake fasawa. Na sha ɗaukar waɗannan dunƙulen da hannuna.

An taɓa kai mu masana'antar da take kawo mana, gani ya kori ji. Babu shebur, babu kwanon sarki. Komai a ma'auni yake hawa, kwamfuta tana buɗe bakin rumbu tana rufewa. Tsakuwa ma ba iri ɗaya ba ce, an tace ta gida-gida: mai milimita 2 zuwa 8, mai 8 zuwa 16, mai 16 zuwa 32, yawancinta daga ramukan gefen kogin Rhine. Hikimar ita ce ƙanana su shige tsakanin manya, yashi ya shige tsakanin ƙanana, sai ya zama gurbin da siminti zai cike ya ragu. A mita ɗaya mai fuska shida, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, irin haɗin da muke yawan karɓa bai wuce siminti kilo 320, ruwa lita 160 da 'yan kai, yashi wajen kilo 800, tsakuwa wajen kilo 1,100 ba. Duka ya tashi kusan kilo 2,400.

Amma abin da ya tsaya mini a rai, wanda kuma ya sa nake wannan rubutu, shi ne ruwa. Mu a gida muna ƙirga buhu, muna ƙirga kwanon yashi da na tsakuwa, har faɗa ake yi idan lebura ya rage kwano ɗaya. Ruwa kuwa ba mai ƙirga shi. Tiyo ake sakawa, ko a yi ta kwarara bokiti har sai kwaɓin ya yi daɗin sheburi. Alhali cikin kayan nan huɗu, shi ne ya fi yanke hukunci a kan ƙarfin gini. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ya nuna tun 1918 cewa, muddin kwaɓin ya cakuɗu ya zauna da kyau, ƙarfinsa yana bin yawan ruwan da aka ba kowane kilo na siminti. Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama dutse, kuma abin da yake iya sha bai wuce kamar kilo 4 na ruwa a kan kilo 10 nasa ba. Duk rarar da aka ƙara tana zama a ciki na ɗan lokaci, daga baya ta fita ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ta nan danshi da iska suke bi su isa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Idan ka ba buhun kilo 50 lita 25, wani ya ba nasa lita 35, simintinku ɗaya, yashinku ɗaya, amma nasa zai rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin naka. Bokiti ɗaya ne fa tsakaninku.

Wata rana a bazarata ta farko mota ta makara, kwaɓin ya fara nauyi, wani abokin aikinmu ya ɗauko tiyo zai watsa a cikin ganga. Direban ya hana, mai kula da aikin ya zo da sauri ya duba takardar da ta zo da motar. A takardar nan akwai komai: ƙarfin da aka nema, irin simintin, girman tsakuwa, da mintin da ruwa ya fara taɓa siminti. Ƙa'idarsu ita ce a sauke cikin minti 90. Lokaci ya wuce, sai ya mayar da motar da kayanta cike. Raina ya ɓaci ranar, na ga kamar asara ce kawai. Yanzu da na fahimci abin da ruwan tiyo yake yi wa ginshiƙi, da ni ne ma haka zan yi.

Za ka ce to ya suke yi kwaɓinsu yana malala haka ba tare da ruwa ba? Magani suke zubawa, wani sinadari mai sassauta siminti da aka fara yi a Japan da Jamus tun shekarun 1960. Kaɗan ake zubawa ya isa. Kafin a zuba kuma sai an gwada laushin: a kife ɗan mazubi a kan faranti, a ɗaga farantin a sake shi sau 15, a auna faɗin da kwaɓin ya bazu. Idan ya fita daga abin da aka yi oda, ba a karɓa.

Akwai kuma ruwan da ke ɓoye cikin yashi. A masana'antar nan akwai na'urar da ke auna danshin yashi a bakin rumbu, kwamfuta ta rage ruwan da za a zuba daidai da haka. Yashi kilo 800 mai danshi kashi 5 cikin 100 yana ɗauke da lita 40. Sannan yashi mai danshi kumbura yake yi, yana iya ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na girmansa. Ke nan idan an yi ruwan sama jiya, kwanon da lebura ya cika yau yashinsa ya ragu, ruwansa ya ƙaru, ba wanda ya yi ha'inci amma haɗin ya canza.

Ba komai nasu zan ce ka ɗauka ba. Suna sa maganin da ke haifar da ƙananan kumfa a cikin kankaren waje saboda ƙanƙarar hunturu, kai ba ruwanka da wannan. Suna yawan amfani da simintin da aka gauraya da kashin ƙarfe na masana'antun birnin Duisburg, mai jinkirin kamawa. Kuma gaskiya, samarin da nake aiki da su da yawa ba za su damƙi yashi su gaya maka akwai laka a ciki ba, abin da tsohon birkila na gida yake yi ido rufe. Idan takarda ba ta faɗa ba, ba su sani ba. Wannan sanin na hannu dukiya ne, awo kawai yake buƙata a gefensa.

Ga abin da nake roƙonka. Ka fara tambayar injiniyan da ya zana rodin wane haɗi yake so, maganarsa ce gaba da tawa. Sannan ka sa kafinta ya buga akwati mai santimita 30 da 30, zurfi 39. Wannan lita 35 ke nan, daidai cikin buhun kilo 50. Idan ɗaya, biyu, huɗu ne, buhu ɗaya, akwatin yashi biyu, na tsakuwa huɗu, a shafe baki kowane lokaci, domin kwanon safe da na la'asar ba ɗaya ba ne idan kafaɗa ta gaji. Ruwa kuma a sami jarka a yi mata alama, lita 25 zuwa 28 a kowane buhu, a ɗora mutum ɗaya amintacce a kanta. Idan yashin jiƙaƙƙe ne a rage kamar lita 5, a ɗan ƙara yashin. Idan birkila ya ce ya yi tauri ba ya shiga tsakanin rodi, kada a ƙara ruwa shi kaɗai, a ƙara siminti tare da shi, ko a nemo maganin sassautawa. Ka yi hayar injin girgiza ko da na kwana ɗaya ne, shi ke zaunar da kwaɓi mai tauri. Yashin ma ka gwada tun yau: ka zuba a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Lakar za ta kwanta a sama ka gan ta da idonka, idan ta yi kauri a canza tifa.

Zafin rana kuma shi ne naku abokin gaba, kamar yadda sanyi yake namu. Ku fara da asuba. Da zarar saman ya kama, a rufe da buhuna a riƙa jiƙawa kwana bakwai cur, a nan ne ruwa mai yawa yake da amfani, ba a cikin kwaɓi ba. Kuma kada a yi gaggawar cire katakon ƙasa don wani yana jiransa, sai injiniya ya ce.

Ka sanar da ni ranar zubin, zan nemi hutu in kasance a waya tun daga buhun farko. A gaida Inna, a gaida yara. Allah ya sa albarka a gidan.