Rediyon mota: na kamfani ko mai allon Android?

Idan rediyon motarka ya mutu, shawara biyu za ka sha ji: ko ka nemo ɗan Beljiyam irin wanda motar ta zo da shi daga kamfani, ko ka ɗora mai allo na Android. Na gwada duka biyun a Corolla ta, kuma na dawo kan na kamfani.

Abin da ya ja ni shi ne wayarin. Soket ɗinsa daidai yake da na motar, a zare tsohon a cusa shi, ba a yanke ko da waya ɗaya ba. Maɓallan sitiyari suna aiki, fuskarsa ta zauna daram a dashbod. In Bluetooth ne damuwarka, akwai ɗan abin da ake sokawa a ramin AUX ko a wurin kunna taba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ana samun irin waɗannan rediyoyi a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma ka tambayi ƙasar da aka yi shi dominta. Tsofaffin na kasuwar Japan FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, ba za su kamo maka Freedom a 99.5 ba. Na Honda da yawa kuma sukan nemi lambar sirri da zarar an cire batir, don haka kada ka biya sai an ba ka lambar.

Rediyoyin Pioneer da Kenwood na asali ba su da laifi, sai tsada.

Mai allon Android kuwa, wallahi yana da kyau a ido, ga taswira ga kyamarar ribas. Amma jabu ya yi yawa. A jikin kwalin nawa an rubuta RAM (ƙwaƙwalwar aikinsa) 4GB, har cikin saitinsa haka ya nuna, ashe an murɗa manhajar ne. Ka buɗe taswira da waƙa a tare ya daskare, ranar zafi allon ya ɗauki ɗumi ya mutu da kansa. Wasu ma tambarin babban kamfani ake liƙa musu, alhali ba lambar kaya ba takardar garanti.

Wanda ya fi ƙona mini rai mai wayarin ne. Maimakon ya sa soket na haɗi, sai ya datse wayoyin motar, ya murɗe rawaya da ja wuri guda, ya naɗe da baƙin tef. Rawayar ita ce mai wuta kullum, jar kuwa sai an murɗa makulli. Rediyon ya riƙa kwana yana shan batir, safiya uku a jere yaran unguwa na tura ni.

In ka nace sai mai allo, ka sayi soket ɗin haɗi na samfurin motarka da akwatin CAN bus, mai haɗa rediyon da kwamfutar motar, idan tana buƙata, ka tsaya a kan mai aikin. Kafin ka sallame shi, zare makulli ka ga ko allon ya mutu.