Neman ƙanen kakata a shafin Hukumar Kaburburan Yaƙi

Duk wanda ɗan'uwansa ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya ko na Biyu a ƙarƙashin tutar Ingila bai dawo ba, akwai wurin da ya kamata ya fara leƙawa, kuma kyauta ne. Shafin intanet ne na Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Rainon Ingila, wadda aka fi sani da CWGC. Na yi amfani da shi wajen neman ƙanen kakata ta wajen uba. Ra'ayina shi ne, aiki ɗaya tak shafin yake yi, wato nuna inda aka binne soja ko aka rubuta sunansa, yana kuwa yin sa da kyau. Amma wanda ya shiga da sa ran zai samu labarin mamacinsa, to 'yan layuka kawai zai fito da su.

An kafa hukumar a 1917, ana tsakiyar yaƙin farko, bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Fabian Ware, wanda ya ga ana binne sojoji a Faransa ba wanda ke rubuta inda aka sa su. A yau tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7, a wurare wajen 23,000 cikin ƙasashe fiye da 150. Ƙasashe shida ne ke ɗaukar nauyinta: Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya. Ƙa'idar da aka gina ta a kai ita ce a ambaci kowane mamaci da sunansa, kuma janar da farabiti su samu alama iri ɗaya.

Abin da muka sani game da namu bai taka kara ya karya ba. Kaka takan ce ya tafi yaƙi ƙasar Bama ko gemu bai fara ba, bai yi aure ba, kuma yana da wushirya. Ba hoto. Sai wata takarda da ta yi ja don tsufa, wadda aka aiko wa mahaifiyarsu bayan yaƙi, da lambarsa ta soja a sama. Baffana ne ya ajiye ta cikin wani tsohon akwati tare da takardun gona, shi kansa bai ɗauka tana da wani amfani ba.

Ita ce kuwa ta yi mana rana. A shafin akwai gurbin suna, da na lambar soja, da na runduna, da na yaƙin da ake nufi. Shawarata ga kowa: in akwai lamba, a fara da ita, a bar suna. Akawun soja na wancan zamani da kunne suke rubuta sunayenmu, kowa da yadda ya ji, sannan sojoji da yawa an yi musu rajista ne da sunansu da sunan garinsu a madadin sunan uba. Sai ka tarar da jerin mutane masu suna iri ɗaya sak, bataliya daban-daban. Da suna kaɗai zan iya ɗauko ɗan wani gida in kai wa dangi in ce namu ne. Da na sa lambar, mutum ɗaya ya fito.

Ga abin da shafin ya ba ni: sunansa, muƙaminsa farabiti, lambarsa, bataliyarsa a rundunar Nijeriya da ke ƙarƙashin Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, ranar da ya rasu a farkon 1945, da wurin da aka rubuta sunansa. Gurbin shekaru babu komai. Gurbin da ake rubuta ɗan wane da wance ne, shi ma wayam. In ka buɗe na wani saurayi daga Ingila, sau da yawa za ka ga shekarunsa, sunan iyayensa, garinsu, har da 'yar jimlar da iyali suka zaɓa aka sassaƙa a kan kabarinsa. Irin waɗannan bayanai galibi daga wurin iyali hukumar ta samo su, a kan namu kuwa abin da ya iso hannunta kawai ta rubuta. Duk da haka in ka jera shafukan biyu ka duba, sai ranka ya sosu.

Ba shi da kabari. Sunansa yana jikin bangon tunawa na Rangun, wanda ke tsakiyar maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, a arewacin birnin Yangon (Rangun a da) na ƙasar Myanmar, wato Bama ta da. Bangon na ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin ƙasa da suka mutu a yaƙin Bama ba a san inda gawarsu take ba. An buɗe shi a 1958. A kewayensa akwai kaburbura sama da 6,000, waɗanda aka kwaso daga maƙabartun fagen daga irin su Akyab da Mandalay da Meiktila, saboda kula da su a can ya yi wuya. Shafin ya faɗi lambar fuskar bangon da sunan yake, ta yadda wanda Allah ya nufa da zuwa ba zai yi ta kewaye ba, akwai kuma hotunan wurin da taswira. Ciyawa a gyare, furanni a jere. Ni dai ban je ba, a waya na gani, amma na daɗe ina kallo.

Wani abin da na yaba shi ne takardar tunawa da ake saukewa. Shafi ɗaya ce, da sunansa a tsakiya da hoton wurin. Na buga ta, na kai wa baffana. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa har ƙasa, sannan ya ce, "Ashe dai an san da shi." Ya sa aka kira ƙannensa mata a waya a nan take. Kaka ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fi cancanta ta gani.

Abin da shafin ba zai gaya maka ba shi ne yadda mutumin ya mutu. Harsashi ne, zazzaɓi ne, ruwa ne ya ci shi, ba a faɗa. Wannan sai ka nemo da kanka. Daga bataliyar na gano yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi da Jafanawa a yankin Arakan, ita da takwararta ta 81 da ta bi kwarin kogin Kaladan tun 1944. A watan Janairun 1945 ne suka kama garin Myohaung. Daji ne mai duwatsu da ruwan sama, inda mota ba ta shiga, shi ya sa kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsasai kuma jirgin sama ke jefo musu. Da ka san wannan, sai ranar rasuwar ta daina zama lamba kawai, ka fara hango inda yaron yake a makon.

Ba zan yi wannan sharhi in tsallake abin da ita kanta hukumar ta amsa ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ta kafa ya fitar da rahoto cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a bi ƙa'idar daidaito a kan 'yan Afirka da Asiya ba. Rahoton ya ce tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su amma ba kamar yadda aka yi wa Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a ambace su da suna ba, ko ma ba a tuna da su sam. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Tun daga nan ake ta tono tsofaffin takardu, kuma a Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a Cape Town mai sunayen baƙaƙen 'yan Afirka ta Kudu sama da 1,700 da suka mutu suna aikin ɗaukar kaya da tuƙi. Ma'anar wannan ga mai nema ita ce, in naka a yaƙin farko ya mutu, musamman in ɗan dako ne ba mai bindiga ba, kana iya dubawa ka rasa. Rashin sunan ba ya nufin labarin da kakanninka suka ba ka ƙarya ne. Waɗanda suka mutu a yaƙi na biyu an fi samun su.

A kuma lura da iyakar aikin. Hukumar na kula ne da waɗanda suka mutu daga 4 ga Agustan 1914 zuwa 31 ga Agustan 1921, da kuma daga 3 ga Satumban 1939 zuwa 31 ga Disamban 1947. Sojan da ya rasu a wani yaƙi bayan nan ba ya ciki, haka wanda ya dawo gida lafiya ya tsufa. Wata ƙawata da ta rasa ƙanenta a fagen daga 'yan shekarun nan ta tambaye ni ko za ta same shi, dole na ce mata a'a. Shafin kuma babu Hausa a cikinsa, don haka dattijon da zai duba sai ya samu yaro mai Turanci a kusa, ko da yake guraben ba su da yawa kuma yana buɗewa a waya ba wahala.

Akwai wani sashe mai suna For Evermore inda iyali ke iya ɗora labari ko hoton mamacinsu. Can nake shirin sa abin da Kaka ta faɗa, har da wushiryar, in baffana ya amince. Wanda kuma ke son sanin abin da bataliyar ɗan'uwansa take yi a ranar da ya rasu, littattafan da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kullum a yaƙin Bama suna gidan ajiye takardun tarihi na Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan, a jerin da ake kira WO 172. Sai a riƙe lambar bataliya da ranar rasuwa da aka samo daga shafin, da su ake nema.