Wutsiyar kayak da na saya, bayan wata takwas a ruwan Legas

A gidanmu a Yawuri ba wanda ya taɓa sa wa jirgi wutsiya, wato faifan da ake maƙalawa a gindin jirgi ya shiga ruwa don saita hanya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a gindin kwalekwale da filafili ɗaya, ya karkata shi kaɗan, jirgi ya bi inda yake so. Da wannan tunanin na sayi kayak, wato ɗan ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da filafili, na hannu a wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu. Na roba ne, irin wanda ake zama a samansa, tsawonsa ƙafa 12. Ranar Asabar bayan asuba nakan ɗora shi a mota daga Obalende in saka shi a ruwa ta wajen Falomo, in bi mashigin ruwan Five Cowrie Creek in fita zuwa babban ruwa. Wata huɗu na yi ina cewa ɗan sarkawa ba ya bukatar wutsiya, har ranar da iska ta same ni kusa da gadar Third Mainland na yi kusan awa guda ina tuƙi da hannu ɗaya kawai. Kwana uku kafaɗata ba ta ɗaguwa.

Abin da ke faruwa shi ne, in kayak yana tafiya, goshinsa na tsaga ruwa, ruwan ya riƙe shi gam, amma gindinsa a sake yake. Iska ta bugo daga gefe sai ta ture gindin, goshi ya juya ya fuskanci iskar. Kayak na kamun kifi ya fi shan wannan wahalar, domin faɗi gare shi, kujerarsa a sama take, ga akwatin ƙanƙara da sandunan fatsa a tsaye a baya, duk iska na kamawa. Wutsiya ba don juya kwana aka yi ta ba tun asali, aikinta ta kafe gindin nan a ruwa don jirgi ya miƙe.

A watan Fabrairu na yi odar saitin daga wani mai sayarwa a intanet. Ƙirar Sin ce, ba ta da wani suna a jiki. Cikin kwalin akwai ruwan wutsiyar, wato faifan da ke shiga cikin ruwa, na baƙar roba mai tauri, da mazauninta, da feda biyu masu zamewa a kan dogon alminiyom, da igiyar tuƙi, da siririn tiyo da igiyar ke bi ta ciki, da igiyar ɗagawa da saukewa, sai ƙullin kusoshi da notuna a leda. Takardar bayani guda ɗaya ce, zane uku, ba awo ko ɗaya. Kuɗin bai kai rabin abin da ake nema a kan na manyan kamfanoni ba, shi ya sa na yarda na gwada.

Ruwan wutsiyar da mazauninta, a gaskiya ban da abin cewa sai yabo. Wata takwas ke nan, ta daki taɓo, ta daki turakun da masunta ke kafawa, ba ta tsage ba, ba ta lanƙwashe ba. In ta ci karo da abu a ƙasa sai ta ɗaga kanta da kanta maimakon ta karye, kuma wannan babban abu ne a ruwan Legas, inda wurare da yawa ba su da zurfi, musamman in ruwa ya janye. Ranar farko da na sauke ta cikin iska na taka fedar hagu kaɗan, sai na ji jirgin ya miƙe kamar dokin da aka ja wa linzami. Ka taka dama ya yi dama, ka taka hagu ya yi hagu. Yanzu ina iya jan fatsa biyu a baya ina tafiya a layi ɗaya, in kifi ya ci in ajiye filafili in kama sanda, ƙafafuna na riƙe da hanya muddin jirgin bai tsaya ba.

Ɗaurawa ce ta ci mini yini guda. Gindin kayak ɗina ba shi da ramin da aka tanada don wutsiya, dole sai an huda. Robar da ake yin waɗannan jirage da ita gam ba ya kama ta, kuma in ka ɗaura ƙusa mai zare kai tsaye a jikinta, bayan 'yan makonni sai ramin ya buɗe. Wani kawuna da ke aikin gyaran jiragen fasinja a bakin ruwa shi ya zo ya tsaya mini. Da ya ga na ɗauko injin huda sai ya ce, "Dakata, ɗana. Ja zare daga goshi zuwa gindi tukuna, ka ga tsakiya. In wutsiya ta kauce da faɗin yatsa ɗaya, har abada za ka riƙa taka ƙafa ɗaya." Muka ja zare, muka sa alama, sannan aka huda. Ta ciki muka sa gutsuren faifan robar da ake yanka nama a kansa, ya zama matashi, aka ɗaure da noti, kowane rami aka cika shi da silikon. Har yau ko ɗigon ruwa bai shiga ta nan ba. Duk wannan ba ya cikin takardarsu, kuma wanda bai sani ba zai lalata jirginsa a ranar farko.

Inda raina ya ɓaci shi ne kusoshin. A tallar an rubuta cewa ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Kafin ƙarshen Afrilu jan ruwa ya fara zuba daga kansu yana ɓata jikin jirgin. Lokacin rani ruwan nan gishirinsa ƙaruwa yake, saboda teku na shigowa sau biyu a yini kuma ruwan koguna ya ragu, to ƙaramin ƙarfe ba ya daɗewa. Na kawo maganaɗisu na gwada, ya cafke su caraf. Ƙarfe ne kawai aka shafa wa farin ruwa. Na je kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin na nemi waɗanda aka buga wa A4 a ka, wato ƙarfe mai lamba 316, wanda ya fi irin da ake buga wa A2 jure ruwan gishiri. Sai da na zaga sosai kafin na samu girman da nake so. Wani abu kuma da kawu ya nuna mini: inda ƙarfen da ba ya tsatsa ya taɓa alminiyom cikin ruwan gishiri, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, ya yi farin gari kamar toka. Don haka kowace ƙusa da ta shiga dogon feda sai da muka shafa mata giris muka sa 'yar roba a tsakani. Na rubuta wa mai sayarwar na tura masa hotuna, ya ce zai duba, shiru har yau. Ba kuɗin kusoshin ne ya dame ni ba. Mazaunin wutsiya in ya saki a tsakiyar ruwa ana iska, ga jiragen fasinja na wucewa da gudu suna tayar da igiyar ruwa, maganar rai ake yi.

Igiyar tuƙin ma ba ta yi ba. Nailan ce, da ta jiƙa sai ta miƙe, ka taka feda har rabi kafin wutsiya ta motsa. Wani makaniki ya ba ni shawarar wayar birkin keke, na ƙi, domin na san wata ɗaya ba za ta yi ba a gishiri. Na sa igiyar Dyneema mai kaurin milimita 2, wadda kusan ba ta miƙewa kuma ba ruwanta da tsatsa. Santsi gare ta, ƙulli na zamewa, sai an ninka shi an bar jela mai tsawo. Hanyar saitawa mai sauƙi ce: ka ɗaure wutsiya a tsakiya da ɗan katako kowane gefe, ka daidaita fedoji biyu, sannan ka ja igiya ka ƙulle. Bayan fita biyu ka sake ja, domin ƙullin sai ya zauna.

Fedar kuwa har yanzu ina tunanin canja ta. Irin mai zamewa ce gaba ɗaya, to ba ka da wurin dogara ƙafa. Ranar da wata barakuda ta kama mini fatsa wajen bakin mashigar teku, na dogara da ƙafar dama don in ja, sai jirgin ya karkata ya ba igiyar ruwa gefe. Akwai irin da diddige ke tsaye wuri ɗaya, yatsu kawai ke dannawa kamar totur ɗin mota. Ita ce ta dace da mai kamun kifi. Kafin in samu, na ɗaura igiyar roba daga kowace feda zuwa gaba don ta riƙa komawa tsakiya, ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba.

Yanzu da damina ta ja, kainuwa ta fara sauko mana. In ka shiga cikinta da wutsiya a ƙasa, sai ka ji kamar an ɗaura wa jirgi buhun yashi. Dole ka ɗaga. A nan na gode wa igiyar ɗagawar, tana aiki lafiya daga kujera, sai dai na ƙara mata ƙwallon roba a baki don hannu mai santsin kifi ya iya kamawa. Haka nan in kifi ya zo kusa da jirgi yana zagaye, ka ɗaga ta da wuri, in ba haka ba zaren fatsa ya naɗe a jiki. Na rasa kifi biyu ta haka. Kuma in ka tsaya cak ruwa na tafiya da kai, kada ka sa ran za ta yi maka komai, sai ruwa na gudu a jikinta take ci.

Wanda ya tambaye ni ko ya saya, zan ce ya saya in yana da hannu ko yana da mai tsaya masa, amma ya ware kuɗin kusoshi da igiya tun ranar farko, kada ya ɗaura nasu ko sau ɗaya. Wanda kuma yake su a ƙananan rafuka wajen Epe inda itatuwa suka kare iska, filafilinsa ya ishe shi. Ni dai duk na dawo sai na wanke ta da ruwan famfo, na zura ruwa cikin tiyon don yashi ya fita. Asabar mai zuwa kawu ya ce in kawo jirgin da sassafe, ya samo wani guntun alminiyom da zai yanka mana fedar yatsu.