Feda shimfiɗaɗɗiya ko mai kama takalmi: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi keken tsere na gwanjo, kana zuwa aiki da shi a cikin Kano, ran Asabar kuma kana miƙa hanyar Zariya, shin ka bar shimfiɗaɗɗiyar fedar da ke kai ko ka sa mai kama takalmi? Na hau duka biyun, ga abin da na gani.

Ita mai kama takalmin, tana aiki ne da wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaurewa a ƙasan takalmi, kilit ake ce masa, kana takawa za ka ji ƙas ya shige cikin fedar, in za ka fita sai ka murɗa dunduniyarka waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, Bernard Hinault ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France da ita a 1985, kamfanin Shimano kuma suka fito da irin tasu mai suna SPD a 1990. Masu sayarwa za su ce maka kana turawa kuma kana jawowa sama, wai ƙarfi ya ninka. Gaskiya ba haka ba ne, a tafiya ta daidai kusan duk ƙarfin daga turawa ƙasa yake zuwa, bambancinta da shimfiɗaɗɗiya kaɗan ne ƙwarai. Inda take nuna kanta shi ne in ka miƙe tsaye kana hawan tudu, ko ka ɗebo gudu kana juya feda da sauri, ƙafa ba ta zamewa ko da ruwa ake, ga takalmin mai taurin ƙasa ne, tafiyar awa uku tafin ƙafarka bai yi zafi ba.

To amma cikin gari fa? Nan ne nake jin tsoronta wallahi. Satina na farko da ita wani mai adaidaita sahu ya taka birki gabana ba sigina, na tsaya cak amma ƙafa ta ƙi fita saboda hankalina ya ce ɗaga sama maimakon murɗawa, haka na tafi gefe ɗaya da keken gaba ɗaya, gwiwa ta daku, Allah ya kiyaye babu mota a bayana. A gosulo inda kake sauke ƙafa duk bayan taku kaɗan, ga rairayi a bakin titi, shimfiɗaɗɗiya ta fi ba ka iko da keke nesa ba kusa ba. Kar ka raina ta, Sam Hill ɗan Ostireliya ya ci gasar tseren keke a kan duwatsu ta Enduro World Series sau uku a jere, 2017 zuwa 2019, a kanta. Ka dai nemi mai faɗi mai 'yan ƙusoshi a sama da takalmi mai roba shimfiɗe, sai dai in ta zame ta bugi ƙwauri akwai ciwo.

Sannan kuɗi, mai kamawa sai ka sayi feda da takalmi duka. Irin ta titi mai noti uku kilit ɗin a waje yake, tafiya a kan tayil ko tsayawa masallaci a hanya wahala ce, SPD mai noti biyu kuwa a lotse yake cikin takalmin, kana iya takawa lafiya.

Ni a wurinka shimfiɗaɗɗiya zan riƙe yanzu. In tafiyar Asabar ta fara yin nisa, ka nemi fedar nan mai fuska biyu, gefe ɗaya SPD gefe ɗaya shimfiɗe, ka sassauta sifirin da ke riƙe kilit ɗin har ƙarshe, ka jingina da bango ka yi ta shiga da fita kafin ka hau titi. Wajen canzawa da sifana 15 ka tuna fedar hagu a juye take, ɓangaren da aka saba ɗaurewa nan ake kwance ta.