Talabijin mai 3D na hannu: abin da na gani bayan wata huɗu da shi a falo

A ƙarshen damina ne tsohon talabijin ɗin falonmu ya fara nuna wani baƙin layi daga sama har ƙasa, kuma da mai gyara ya faɗa mini kuɗin canza gilashinsa, sai na ga gara in cika kaɗan in sayi wani. Na zaga shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, na leƙa Kasuwar Gumi, daga bisani na tsaya a wani shago na masu kawo kayan Beljiyam, inda na tarar da talabijin biyu masu inci 47 a jere, ɗaya ya fi ɗaya da naira dubu goma sha biyar. Da na tambayi dalilin bambancin, sai mai shagon ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin kanta, ya zazzage tabarau huɗu na roba, ya ce: "Alhaji, wannan 3D ne. Idan kana kallon ƙwallo da shi, sai ka riƙa kaucewa don kada ta buge ka." Na taya, ya yi albarka, muka daidaita a kan rabin bambancin, aka ɗaure mini shi a Keke Napep har Unguwar Rimi.

Asalin dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ba ta da wuyar fahimta. Tsakanin idon mutum na dama da na hagu akwai tazarar kusan santimita shida da rabi, saboda haka kowane ido yana ganin abu daga wani ɓangare dabam, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta gane abin da yake kusa da wanda yake nesa. Duk wanda ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe ido ɗaya sannan ya rufe ɗayan, zai ga yatsan yana tsalle. Tun a 1838 wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana na'urar madubai da ke nuna wa kowane ido nasa zanen. Aikin talabijin mai 3D ke nan: ya fitar da hoto biyu a allo ɗaya, ya kuma tabbatar kowane ido nasa kaɗai ya gani.

Hanya biyu kamfanoni suka bi, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya tambaya kafin a kai ga maganar kuɗi. A hanya ta farko tabarau ɗin yana da batir, kuma gilasansa suna rufewa suna buɗewa bi da bi cikin saurin da ido ba ya iya bi, daidai da yadda allon yake sauya hoton dama da na hagu. Samsung da Panasonic da Sony sun fi dogara da wannan a farkon lamarin. Hotonsa cikakke ne ga kowane ido, amma tabarau ɗin yana da tsada da nauyi, yana iya yin ƙyafce-ƙyafce a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki, kuma na wani kamfani sau da yawa ba ya aiki da talabijin ɗin wani. A hanya ta biyu, wadda LG ya tallata sosai daga 2011, wasu kamfanonin ma suka bi, an lulluɓe allon da wata siririyar leda da ke murɗa hasken layi ɗaya ta wata fuska, na layin da ke biye ta wata fuskar, tabarau ɗin kuma ya tace. Babu batir, babu caji, amma daga layuka 1080 na allon kowane ido 540 yake samu. Nawa irin na biyun ne, kuma a ganina shi kaɗai ya dace da gida mai yara a garin nan, domin tabarau mai batir da ya ɓace ko aka zauna a kansa, sai an yi sa'a ƙwarai kafin a sami madadinsa ko da an karaɗe kasuwar Panteka.

Inda na ci moriyar kuɗina shi ne wajen wasan gem. Ɗan yayata, wanda yake karatu a Zariya, ya zo hutu da tsohuwar PlayStation 3 ɗinsa da jakar faya-fayai. Da farko mun haɗa wayar HDMI ba mu ga wani canji ba, har na fara zargin mai shago, ashe sai an koma cikin saitin na'urar an bar ta ta sake tantance talabijin ɗin da kanta, sannan ta gane yana da 3D, ta kuma tambayi girman allon. Sony ya buɗe wa wannan na'ura wasannin 3D ne a tsakiyar 2010, kuma a watan Satumban shekarar ya ƙara mata kunna faifan Blu-ray mai 3D. Wasan da ya fi burge ni shi ne Super Stardust HD, inda ɗan ƙaramin jirgi yake kewaya wata duniya yana farfasa duwatsu. Ɓaraguzan suna tasowa ne kamar za su faɗo kan kafet, duniyar kuma ta zama dunƙulalliya da gaske, har ƙaramar 'yata ta miƙa hannu tana son ta kamo wani abu a iska. A Gran Turismo 5, idan aka zaɓi kallo daga kujerar direba, sitiyari yana nan kusa da kai, gilashin gaba yana can gaba kaɗan, kwanar kuma tana can nesa, ta yadda ni da ban iya wasan ba na fara gane lokacin taka birki.

Sai dai komai da farashinsa. Na'urar dole ta zana kowane hoto sau biyu, kuma ƙarfinta bai ƙaru ba, don haka sai an rage wani abu. Wasannin 3D a PlayStation 3 ba sa wuce layuka 720, kuma Wipeout HD, wanda a yanayinsa na yau da kullum yake fitar da hoto 60 a daƙiƙa, yana komawa 30 idan aka kunna 3D. A Killzone 3 tsabtar hoton ce take raguwa, gefunan abubuwa su yi zarto-zarto. Yaron ya jure minti ashirin, sannan ya ce: "Kawu, a mayar da shi yadda yake, a haka kashe ni kawai ake yi." Wanda ya zauna don ya ci wasa ba ruwansa da zurfin hoto, saurin hannu yake nema.

Akwai wata dabara da ban san da ita ba sai da yaron ya nuna mini, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. A wasannin da ake raba allo gida biyu, kamar tseren mota, talabijin ɗin yana iya ɗaukar rabin sama ya shimfiɗa shi a kan dukkan allon ga mutum ɗaya, rabin ƙasa kuma ga ɗayan, kowa ya ga nasa kaɗai. LG yana kiran irin wannan Dual Play, Sony kuma yana da makamancinsa mai suna SimulView. Ana buƙatar tabarau na musamman, ɗaya gilasansa duka na hagu, ɗayan duka na dama, mu kuwa ba mu da su. Yaron ya zauna a tsakar gida da reza da gam, ya ɓanɓare gilasan tabarau biyu, ya musanya su, ya manne, kuma abin ya yi aiki, ko da yake hoton ya ɗan miƙe, inuwar motar abokin wasa kuma tana ɗan leƙowa a wurare masu haske. Abin takaicin shi ne wannan dabara ba ta da amfani ga wasan da ya fi kowane karɓuwa a gidajen gem na Tudun Wada da Kawo da Rigasa, wato ƙwallon ƙafa, domin a wasan ƙwallo 'yan wasa biyun fili ɗaya suke kallo, ba a raba allo. Mai gidan gem da yake tunanin wannan talabijin zai jawo masa kwastomomi, ya sake lissafi.

Babbar matsalar da na ci karo da ita ba ta cikin na'urar ba ce, ta yadda muke zama ce. Wanda ya ƙirƙiri wannan fasaha ya ɗauka mai kallo zai zauna a kujera, ya miƙe bayansa, idonsa daidai da tsakiyar allo, ya kuma zauna a haka har a gama. A gidana an kafe talabijin a bango sama da kan mutum, kujeru na baƙi ne, mu kuwa a kan kafet muke, wani ya jingina da filo, wani ya kishingiɗa, yara sun yi rubda-ciki sun tallafe haɓa. Irin wannan allo mai leda yana haƙuri da wanda ya zauna a gefe, amma ba ya haƙuri da wanda yake kallonsa daga ƙasa, domin layin da aka tanadar wa idon dama sai ya ratso zuwa na hagu, kowane abu ya fito da inuwa biyu kamar hoton da hannu ya girgiza. Daren farko da muka taru, ni da nake kan kujera ina ta yabawa, su da ke ƙasa suna kallona kamar na zare. Sai da na sauko na zauna inda suke na gane gaskiyarsu. Washegari na kira mai walda ya yi mini maƙalin da ke sunkuyar da allon ƙasa, aka gyara wa na kafet, aka ɓata wa na kujera.

Hajiya, mahaifiyata, ba ta kai minti biyar ba. Tana sa tabarau na likita, don haka sai aka ɗora mata na roban a kansa, ga hijabi yana tokare ƙafafunsa. Ta dubi allon, ta dubi gefe, ta ce: "Ku cire mini wannan abu, jiri yake sa ni." Ba tsufa ne kawai ba. Ido ya saba ya daidaita ganinsa a daidai inda abu yake, amma a nan ana tilasta masa ya tsaya a kan allon da ke bango alhali ana nuna masa abu kamar yana gaban hancinsa, wannan saɓanin kuwa shi ne yake kawo ciwon kai da gajiyar ido. Wanda idonsa ɗaya ya yi rauni ƙwarai ko ya karkace ma ba lalle ne ya ga zurfin ba sam. Hatta Nintendo, da ya fitar da 3DS a 2011, ƙaramar na'urar gem ta hannu mai nuna 3D ba tare da tabarau ba, ya shawarci iyaye kada su kunna wa 'yan shekara shida zuwa ƙasa, kuma a 2013 ya fitar da 2DS wadda aka cire mata 3D ɗin gaba ɗaya. Ni ma na hana ƙaramar tawa tun daga ranar da ta miƙa hannun nan. Ga kuma ƙananan abubuwa: tabarau yana rage hasken hoto, ba ka iya duba waya da shi cikin daɗi, uwargida da ke shiga kicin tana fitowa ta gaji da sawa da cirewa, kuma da hunturu ya shigo ƙura ta riƙa kwanciya a gilasan, yara suna gogewa da bakin riga har suka yi ƙarce.

Game da ƙwallon da mai shago ya ce zan riƙa kaucewa, babu ita. An taɓa yi, gaskiya ne. Bayan fim ɗin Avatar ya tara kuɗi a 2009, kamfanoni sun yi rububin fitar da irin waɗannan talabijin a 2010, an ɗauki wasanni 25 na Gasar Kofin Duniya ta Afirka ta Kudu da kyamarorin 3D, tashar ESPN 3D kuma ta buɗe da wasan farko na gasar tsakanin masu masauki da Meziko. Amma tashar ta rufe a 2013, a shekarar ce BBC ma ta dakatar da nata gwajin, Samsung ya daina sa 3D a sababbin talabijin ɗinsa a 2016, LG da Sony suka biyo baya a 2017. Ma'anar wannan ga mai saye a Kaduna ita ce duk talabijin mai 3D na waɗannan kamfanoni da ya gani a shago ya kwana biyu, komai ƙyallin da aka goge shi ya yi, kuma a dikodata ban sami tasha ko ɗaya da ke aiko da hoton 3D ba. Akwai maɓalli a rimot da ke mayar da hoton yau da kullum ya zama mai zurfi. Na gwada shi a wasan Firimiya, a labarai, da wani fim ɗin Hausa, duk sai mutanen suka koma kamar an yanko su daga kwali an jera, don talabijin ɗin canka kawai yake yi. Abin da ya rage shi ne faifan Blu-ray mai 3D, wanda PlayStation 3 da 4 suke kunnawa amma PlayStation 5 ba ta kunnawa, sai kuma finafinan da ake turawa a filas masu hoto biyu gefe da gefe, waɗanda tsabtarsu ta riga ta ragu da rabi.

A matsayinsa na talabijin kawai, ba ni da ƙorafi. Launinsa yana da kyau, sautinsa ya ishi falo, janareta ƙarami yana ɗaukarsa, manhajojin intanet da ke cikinsa ne kawai suka tsufa, yawancinsu ba sa buɗewa. Wanda yake da PlayStation 3 da faya-fayanta, ko mai sha'awar tara tsofaffin na'urori, zai ji daɗinsa idan an ba shi 3D ɗin a matsayin gyara. Wanda kuwa ƙwallo da labarai da finafinan gida suka kai shi kasuwa, kada ya ƙara ko sisi a kan wannan rubutun da ke jikin allo. Idan har za a saya, a sa mai shago ya kunna 3D ɗin a gabanka, ka rufe ido ɗaya ka duba ko akwai inuwa, ka tsuguna ka kalla daga ƙasa kamar yadda za a kalla a gida, ka ƙirga tabarau, ka kuma tabbatar rimot ɗin na ainihi ne, domin wanda ake sayarwa a bakin titi sau da yawa ba shi da maɓallin 3D. Cikin tabarau huɗun da na zo da su, biyu yaron ya yi wa tiyata, ɗaya ƙafarsa ta karye, ɗayan kuma yana cikin durowa tare da rasidin shagon, sai ya dawo hutu daga Zariya za a fito da shi.