PS4 Slim a Gusau: gwanar wasa ce, amma tana da tsirfa wajen kunna fim

A gidajen gem na Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, har yanzu ana wasa da PS4 Slim, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, duk da cewa tun 2016 ta fito. Da yawa masu sayen ta hannu suna da buri biyu: yara su buga ƙwallo da rana, da dare a soka filashi a kalli fim. Wajen wasa ba ta da abin kushewa. Wajen fim ne ake shan mamaki.

Manhajar kunna bidiyo ba ta zuwa a cikinta. Sai an shiga PlayStation Store an sauko da Media Player; kyauta ce, amma sai da intanet da asusu. Mai saye ya sa a nuna masa ita tana aiki tun a shago.

Sai batun filashi. A cikin tsare-tsaren da ake fomatin filashi da su, PS4 tana karanta FAT32 da exFAT kawai, ba ta san NTFS ba, alhali yawancin manyan hadis (hard disk) da aka yi aiki da su a Windows a NTFS suke. FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, don haka exFAT ya fi. A kwashe abin da ke ciki tukuna, domin sauya tsarin yana goge komai. Wani ƙaramin tarko: in aka zube fina-finai a filashi haka nan ba cikin folda ba, ba za ta gan su ba. A buɗe folda ko da ɗaya ce a zuba su.

Inda aka fi yin rigima da masu tura fina-finai shi ne nan: "ai MP4 ne, me ya hana shi buɗewa?" MP4 da MKV da AVI mazubi ne kawai, kamar kwano, abin da aka zuba ciki shi ne magana. PS4 tana son hoton da aka matse da H.264, da sauti na AAC ko AC-3. Fim ɗin da aka matse da H.265, wanda ake rubuta wa HEVC ko x265 a jikin suna, ba za ta buɗe shi ba ko da sunansa ya ƙare da .mp4. Masu turi kuwa suna son x265 saboda ba ya cin wuri, kuma sababbin wayoyi suna kunna shi lafiya lau, shi ya sa mai shago zai rantse fim ɗinsa ƙalau yake. Gaskiyarsa, a waya. In kuma hoto ya fito babu murya, galibi sautin DTS ne.

Gane matsalar ba wuya: a buɗe fayil ɗin da VLC a kwamfuta, a danna Ctrl da J, za a ga sunan abin da aka matse shi da shi. Gyaran kuma HandBrake ne, manhajar kwamfuta mai sauya matsin bidiyo, shi ma kyauta: a zaɓi Fast 1080p30, a bar shi a MP4. Tsohuwar laftof za ta iya shafe sa'o'i a kan fim ɗaya, abin da ba kowa zai jure ba a kan janareto. Ya fi sauƙi a ce wa mai turi tun farko x264, wato H.264, ake so.

Slim tana fitar da 720p, 1080i da 1080p; 4K sai PS4 Pro. Kada wannan ya dami kowa, domin yawancin talabijin masu inci 32 da ke kasuwa allonsu 1366 × 768 ne, ko da an manna masa takardar Full HD. A irin wannan allo, tsakanin 720p da 1080p bambancin kaɗan ne.

Wajen haɗawa da allo, HDMI kaɗai Slim ke da shi, babu jan waya da fari da rawaya irin na PS2. Mai son haɗa ta da allon kwamfuta mai VGA sai ya nemi na'urar juya HDMI zuwa VGA, kuma ya zaɓi mai shan wuta ta USB mai ramin sauti, don VGA ba ya ɗaukar murya, marasa wutar kuma sukan bar allo baƙi. Ramin HDMI na laftof kuwa fitarwa yake yi, ba ya karɓa. Kada a ɓata kuɗin waya.

In an sauya talabijin allo ya ƙi nuna komai, ba lalle ne PS4 ɗin ta lalace ba. A kashe ta gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 7 har a ji ƙara ta biyu, a haɗa hannun wasa da wayar USB, a ɗauki zaɓi na 2 (Change Resolution) a jerin Safe Mode da zai bayyana. Za ta tashi a 480p, sai a zaɓi abin da allon zai iya.

Faifai fa? Tana cin DVD da Blu-ray, bayan an haɗa ta da intanet sau ɗaya, amma ba ta cin VCD ko CD na waƙa, kuma wadda aka kawo daga Amurka tana iya ƙin DVD na wani yanki.

Wanda wasa ne gabansa, fim kuma na lokaci-lokaci, Slim ta ishe shi. Mai gidan kallo da ke karɓar fina-finai daga hannu daban-daban kullum, gara ya ajiye tsohuwar laftof mai VLC kusa da talabijin, ya bar PS4 da ƙwallonta.